Kundin bibiyar cutar fata da tsoka ta gado a wani gidan kiwon karnukan Shelti

9 ga Maris, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin bibiyar wasu 'yan kwikwiyo biyar jinsin Shelti, 'yan ciki ɗaya, waɗanda aka haifa a ƙarshen watan Disamba a gidan wata dattijuwa mai kiwon karnuka da ke kawo dabbobinta asibitin da nake aiki a arewacin jihar Jojiya ta Amurka. Shelti ƙaramin karen kiwo ne mai yalwar gashi da dogon baki, asalinsa tsibiran Shetlan da ke arewacin Sikotlan, kuma ɗan'uwa ne na kusa ga Koli, wanda ya fi shi girman jiki. Jinsunan nan biyu sun fi kowane jinsi fama da wata cutar gado da ake kira damatomayosaitis, wadda ke kumbura fata da tsoka, kuma ita nake zargi a jikin ɗaya daga cikin biyar ɗin. Abin da muka ƙulla ni da mai kiwon shi ne mu kula da mai ciwon har ta cika shekara, sannan mu gano ta inda cutar ta shigo gidan, domin kada ta sake fitowa a haihuwa ta gaba.

Masu kiwo kan ɗaura wa kowane kwikwiyo zare mai launi a wuya don su riƙa bambanta su, saboda haka a takardunmu sunan mai ciwon Ja, wato mai jan zare. Mace ce, makonta goma, nauyinta kilo 2.8. Gashi ya zube a kewayen idanunta biyu da kan karan hancinta, fatar wurin ta yi ja, kuma akwai ɓawo siriri mai ɓarewa idan an shafa da yatsa. Tsinin kunnenta na hagu ya yi ɓamɓaroki, haka ma ƙarshen wutsiyarta da saman yatsun ƙafafunta na gaba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba ta sosa, ba ta goga fuska a ƙasa, tana cin abinci, tana wasa da 'yan'uwanta. Namiji mai koren zare yana da ɗan wuri guda a gefen leɓe inda gashi ya yi ƙaranci, amma sauran ukun fatarsu garau take.

Wuraren da ciwon ya zaɓa su ne suka ƙarfafa mini zargi. Duk wurare ne da ƙashi ke kusa da fata, ko kuma can ƙarshen jiki inda jini ke isa ta ƙananan jijiyoyi kaɗai, kuma su ne suka fi shan guga da rana.

23 ga Maris, 2024

Kafin a ambaci cutar gado, wajibi ne a kore cututtukan da suka fi ta yawa kuma suke kama da ita. Na kankare fatar wurare huɗu da reza har jini ya ɗan tsatso, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, domin ƙwaron demodes da ke haddasa wani nau'in ƙazuwar karnuka yana zaune ne can cikin ramin gashi, kuma kankara ta sama ba ta kai gare shi. Ban ga ƙwaro ko ƙwansa a madubin likita ba. Gashin da muka shuka a ɗakin gwaji makonni biyu da suka wuce don neman makero bai tsirar da kome ba. Ƙwayoyin bakteriya 'yan kaɗan ne a ƙarƙashin ɓawon kunne, waɗanda wanki da ruwan magani ya isar musu.

Wani maƙwabcin mai kiwon ya ba ta shawara ta yi wa Ja allurar ibamektin, maganin kashe tsutsa da ƙwari, ta gani ko za ta warke, Allah ya sa ta kira mu kafin ta yi. Ina so masu karatu su riƙe wannan, musamman ma da yake a gida Najeriya ibamektin ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi idan kare ya yi ƙazuwa, ga shi kuma ana ƙara shigo da karnukan waje cikin biranenmu. Yawancin Koli da wani kaso na Shelti suna ɗauke da tawaya a ƙwayar halittar da ake kira MDR1, wadda Katrina Mealey ta gano a Jami'ar Jihar Washinton a shekarar 2001. Aikin wannan ƙwayar halitta shi ne hana wasu magunguna taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma idan ta samu tawaya, adadin ibamektin da ake bai wa kare don ƙazuwa yana iya jawo makanta, rawar jiki, doguwar suma, har da mutuwa. Mun goga auduga a cikin kumatun 'yan kwikwiyon biyar da uwarsu, mai uban 'yan kwikwiyon ma ya yarda an ɗauki na karensa, mun aika gwajin MDR1 da na cutar da nake zargi a tare. Yau kuma na yanki ƙananan fatu uku daga jikin Ja, biyu a fuska ɗaya a ƙafa, na ɗinke, na aika wa masanin nazarin nama.

12 ga Afrilu, 2024

Rahoton naman ya dawo, kuma ya dace da zargin. Ramukan gashi sun ƙanƙance, wasu sun kusa ɓacewa. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a gindin fatar sama suna mutuwa jefi-jefi. Zaruruwan da ke riƙe fata sun kwaɗe sun rasa tsarinsu. Ƙananan jijiyoyin jini kuwa bangonsu ya lalace. Duk wannan alama ce ta fatar da jini ya daɗe ba ya isarta. Abin da masana suka fahimta shi ne garkuwar jikin karen ce ke far wa ƙananan jijiyoyinsa, sai iskar da abincin da jini ke kaiwa su ragu, ramin gashi kuma, da yake wuri ne mai yawan buƙata, shi ke fara jin jiki. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon ba ya ƙaiƙayi, kuma shi ne dalilin da ya sa inda ramin ya mutu sarai gashi ba zai sake tsirowa ba har abada. Na faɗa wa mai kiwon haka ƙarara, domin gara ta sani tun yanzu cewa burinmu shi ne ceto abin da ya rage.

Ann Hargis da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Washinton ne suka fara bayyana cutar a jikin Koli a shekarar 1984, ba da jimawa ba kuma aka ga irinta a jikin Shelti. Daga baya an samu rahotonta a wasu jinsuna kamar Boseron na Faransa. Ta yi kama ƙwarai da cuta mai wannan suna da ke kama yara, abin da ya sa likitocin mutane ma suke bibiyar binciken da ake yi a kan karnuka.

Mun fara magani. Ginshiƙinsa pentoksifilin ne, miligiram 25 ga kowane kilo na nauyin jiki, sau biyu a rana, tare da abinci domin yana iya tayar da zuciya ko ya sa zawo. Maganin yana tausasa jajayen ƙwayoyin jini su iya ratsa matsattsun jijiyoyi, yana kuma rage wasu sinadaran kumburi. Ƙwayar da ke kasuwa ta mutane ce, miligiram 400, ta yi wa kwikwiyo mai kilo 4 yawa nesa ba kusa ba, don haka sai da muka sa mai haɗa magunguna ya yi mana daidai nauyinta. Mun ƙara bitamin E da man kifi, da man shafawa na takurolimus a fuska da kunne. Na gargaɗi mai kiwon cewa pentoksifilin ba ya nuna aikinsa sai bayan wata biyu zuwa uku, kuma da yawan masu karnuka kan yanke ƙauna su daina tun a mako na uku. Za a riƙa auna Ja duk bayan mako biyu, saboda tana girma, kuma adadin da ya ishe ta yau ba zai ishe ta ba a wata mai zuwa.

2 ga Mayu, 2024

Sakamakon gwajin gado ya iso tun makon jiya, amma sai yau muka samu zama da mai kiwon, kuma wannan zama shi ne mafi nauyi tun da aka fara aikin.

Shekaru da dama ana ɗaukar cewa ƙwayar halitta guda ce ke jawo cutar, wadda ke rinjaye ko da daga mahaifi ɗaya aka gaje ta, sai dai ƙarfinta kan bambanta daga kare zuwa kare. A shekarar 2017 Jacquelyn Evans da Leigh Anne Clark da abokan aikinsu a Jami'ar Clemson da ke Karolina ta Kudu suka nuna cewa wurare uku ne ke haɗa kai. Na farko PAN2 ne, wanda ake wa alama da harafin A; na biyu MAP3K7CL, harafin B; na uku wani nau'i na DLA-DRB1 mai alaƙa da garkuwar jiki, harafin C. Babban harafi yana nufin nau'in da ke da haɗari, ƙarami kuma wanda ba shi da shi, kuma da yake kowane kare yana gadon ɗaya daga uwa ɗaya daga uba a kowane wuri, haɗuwa 27 ce ke iya fitowa. An kasa mafi yawansu gida uku bisa yiwuwar kamuwa da cutar: masu ƙaramin haɗari, daga sifili zuwa kashi 5 cikin ɗari, masu matsakaici, kashi 33 zuwa 50, da masu babba, kashi 90 zuwa 100. Ɗakunan gwaji da dama suna yin wannan awo yanzu, ciki har da na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis.

Ja ta fito AABbCC, wato babban haɗari. Mai koren zare AAbbCC ne, matsakaici. Sauran ukun duk ƙaramin haɗari ne. Uwar AaBbCC ce, uban ma AaBbCC ne, kuma dukansu biyun a gidan ƙaramin haɗari suke, lafiyarsu ƙalau, babu ko ɗigon tabo a fuskarsu.

A nan ne mai kiwon ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ciro takardar da mai uban ya ba ta kafin barbara, ta nuna mini inda aka rubuta ƙaramin haɗari, ta ce da wannan ta dogara. Matar ta yi shekaru tana kiwo da amana, kuma ba sakaci ta yi ba. Abin da ba a fayyace mata ba shi ne cewa wannan jimla tana magana ne a kan lafiyar karen da aka gwada shi kaɗai, ba ta ce kome ba game da 'ya'yan da zai haifa. Mai karatu Bahaushe ya san wannan daga gwajin jini kafin aure: mai AS lafiyayye ne, mai AS lafiyayya ce, amma idan suka haɗu ana iya samun ɗa mai sikila. Na ɗauki takarda na zana mata lissafin. Idan AaBbCC ya haɗu da AaBbCC, cikin kowane kaso 16, biyar za su faɗa babban haɗari, biyu matsakaici, tara ƙarami. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan iyayen da duka aka rubuta musu ƙaramin haɗari suna iya fitowa da cutar kusan tabbas. A ganina bai kamata a miƙa wa mai kiwo wannan sakamako ba tare da an zaunar da shi an koya masa karanta haruffan shida ba, domin a cikinsu amfanin gwajin yake.

Gwajin MDR1 ya nuna Ja tana da tawayar daga ɓangare ɗaya. An rubuta haka da jan biro a bangon fayil ɗinta.

20 ga Yuni, 2024

An samu ci gaba a watan Mayu: jan fuska ya lafa, ɓawon wutsiya ya faɗi, ɗan gashi mai laushi ya fara fitowa a kan yatsu. Sai ga shi a makon da ya wuce ciwon ya tashi, karan hanci ya sake yin ja, kuma gyambo ƙarami ya buɗe a tsinin kunnen hagu. Da muka bi diddigi, sai muka gane cewa iyalin da suka karɓi Ja daga hannun mai kiwon, da sanin ciwonta, sun kai ta bakin tafki ta wuni a fili. Ranar bazara a Jojiya ba ta da sauƙi, kuma hasken rana yana cikin abubuwan da aka sani suna tayar da wannan cuta, tare da rauni, da zuwan lokacin barbara, da haihuwa, da shayarwa.

Mun tsara musu cewa yawo sai da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, tsakar rana kuwa a ɗaki ko a inuwa mai kauri. Man kare rana da za su shafa mata dole ya zama wanda babu sinadarin zinki a ciki, domin kare yana lashe abin da aka shafa masa, zinki kuma guba ne gare shi idan ya taru. An hana ta kokawa da babban karen maƙwabta, saboda cizon wasa a fuska ya isa ya buɗe sabon ciwo. Na ba ta firednisolon, maganin kwantar da kumburi, na ɗan lokaci, miligiram 1 ga kowane kilo, wanda za a riƙa ragewa har a daina cikin makonni uku. Ba na son wannan magani ya daɗe a jikinta, domin shi kansa yana zaizaye tsoka yana kuma sirantar da fata, abubuwa biyun da cutar ke ci.

Mai koren zare kuwa wurin leɓensa ya cike da gashi ba tare da an ba shi kome ba. Haka masu sauƙin ciwon kan yi, kuma a nan haɗarin yake ga masu kiwo, domin kare irinsa zai girma fes, a manta cewa ya taɓa yin ɗan tabo yana jariri, a sa shi barbara.

30 ga Yuli, 2024

Uwar gidan da ke riƙon Ja ta zo da wani bayani da ya nuna tana lura ƙwarai. Ta ce kwanon ruwan Ja kullum da ɓarɓashin abinci a ƙasansa, kuma idan tana sha takan daɗe tana lasa, ruwa yana zuba ta gefen baki. Wannan sananniyar alama ce a wannan cuta: tsokokin tauna da na harshe sun yi rauni, abinci yana maƙalewa a baki, sai ya zube cikin ruwa. Na dafa kanta da hannu biyu, na ji tsokar da ke gefen kai sama da ido ta ɗan faɗa, har ƙashin tsakiyar kai ya fara fitowa fiye da na 'yar'uwarta da aka kawo rigakafi a ranar. Tafiyarta daidai take, ba ta ɗaga ƙafa sama fiye da kima kamar yadda masu tsananin ciwon kan yi.

Gwajin jini na sinadarin da ke nuna lalacewar tsoka ya fito daidai, amma wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin a wannan cuta sau da yawa yakan fito daidai ko ya ɗan hau kaɗan ko da tsoka ta taɓu. Abin da na fi tsoro shi ne bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki ya saki ya buɗe, domin idan haka ta faru abinci kan dawo ba tare da yunƙurin amai ba, ya faɗa huhu, ya jawo namoniya, kuma wannan ce hanyar da cutar ta fi kashe kare. Hoton ƙirji ya nuna bututun lafiya lau, alhamdu lillahi. Ciwon tsoka ya fi tsanani a Koli fiye da Shelti, kuma ina fata Ja ta tsaya a nan. An koma jiƙa mata abinci ya yi laushi, ana ba ta kaɗan-kaɗan sau uku a rana, kuma an ce su kawo ta nan take idan suka ji tari ko suka ga abinci ya dawo.

14 ga Satumba, 2024

An cire wa Ja mahaifa da ƙwan haihuwa ranar Talata, kafin ta fara neman barbara, saboda dalili biyu: ba za a yarda ta haihu ba, kuma sauyin sinadaran jiki a wannan lokaci yana tayar da ciwon. Mun dakatar da pentoksifilin na 'yan kwanaki don gudun zubar jini, mun kuma rage adadin maganin kwantar da hankali da ake bayarwa kafin aiki saboda tawayar MDR1. Tana cikin barcin ne wani ƙwararre ya soka siraran allurai a tsokokinta ya auna motsin lantarkinsu, ya samu alamun ciwo a tsokar gefen kai da ta muƙamuƙi, da kaɗan a ƙasan ƙafafun gaba. Ɗinkin yana kamewa yadda ake so. An yi wa mai koren zare fidiya shi ma.

Batun uwar ya fi wannan wuya. Mai kiwon ta so ta daina sa ta haihuwa gaba ɗaya, ni kuwa ban goyi bayan haka ba. Harafin C ya yi yawa ƙwarai a Shelti, a Koli ma kusan kowane kare yana da shi, don haka babu yadda za a yi a kawar da shi. Idan kuma aka ce duk mai A ko B a fitar da shi daga kiwo, za a zubar da karnuka masu kyakkyawan hali da lafiyar ido da ƙugu, a bar 'yan kaɗan suna ta haifar juna, wasu cututtukan gadon su samu ƙofa. Abin da ake buƙata shi ne kada a haɗa biyun da za su iya haifar AA ko BB. Idan aka haɗa wannan uwa da namiji mai aabb, ko wane irin C yake da shi, babu ɗa ko ɗaya da zai wuce Aa ko Bb, kuma duka za su zauna a gidan ƙaramin haɗari.

16 ga Nuwamba, 2024

Nauyin Ja ya kai kilo 8.1, an daidaita adadin maganinta a kan haka. Babu sabon ciwo tun tashin watan Yuni. Gashi ya dawo a yatsu da wutsiya da mafi yawan kewayen ido, amma karan hanci ya bar tabo mai santsi, fatarsa ta yi duhu a wani wuri ta yi fari a wani, kuma tsinin kunnen hagu ya ɗan gutsure. Tsokar kai ba ta ƙara faɗawa ba, ba ta kuma ciko ba. Kwanon ruwan ya ragu da ɓarɓashi tun da aka koma jiƙa abinci.

Yawanci iyakar ɓarnar cutar kan bayyana ne kafin kare ya cika shekara, don haka ba zan taɓa adadin pentoksifilin ba sai bayan ƙarshen Disamba. Idan fatar ta zauna lafiya har watan Janairu, za mu gwada rage shi a hankali a cikin hunturu, lokacin da rana ba ta da ƙarfi, mu mayar da cikakken adadi kafin Afrilu.

Mai kiwon ta samu namiji a wata jiha mai maƙwabtaka wanda takardarsa ta nuna aabbCc, kuma wannan karon ta nemi a aiko mata da haruffan shida, ta kawo mini muka duba tare. Ana sa ran uwar za ta nemi barbara a farkon shekara. Mun amince za a goga auduga a kumatun duk 'ya'yan da za a haifa kafin a yaye su, kuma kowane mai saye zai tafi da takardar da ke ɗauke da haruffan kwikwiyonsa. Awon Ja na gaba ranar 14 ga Disamba ne, kuma a ranar za a sake ɗaukar hoton ƙirjinta.